Mabuɗin Ɗakin Iri

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar mulki a hannun farar hula, ita ce shekarar da na hau rufin ɗakin lambunmu. Na san damina ce, domin na tuna ana fita jefa ƙuri'a Asabar bayan Asabar, mutane na tsaye a layi, wani da laima, wani da buhu a ka, da yawa ba su ma tantance ko wa ake zaɓa a wannan makon ba, an dai ce a fito sun fito. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, duk ranar da aka ce ta sake yafa mayafi sai ta tambaya, “To na makon jiya fa, bai karɓu ba ne?” Garin duka a rikice yake da sababbin abubuwa, ni kuwa a lokacin ina ganin babu abin da ya rikice mini.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani, kwanan baya na bi ta bayan Ƙofar Marusa, na ce bari in leƙa inda lambunmu yake a da. Na yi ta juyi kamar baƙo. Shaguna ne a jere, da wurin wankin mota, da wani dogon gida mai fenti ruwan ƙwai. Mai wankin motar ya gan ni ina dube-dube, ya ce, “Baba, wa kake nema?” Na ce masa rijiya nake nema. Ya yi dariya ya nuna mini famfo. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na sha ruwan rijiyar nan shekara da shekaru na kasa cewa ga daidai inda take.

A wancan zamani, tun kafin ka iso lambun kunnenka ne ke fara isa. Kukan jigo za ka ji, itacen yana sunkuyawa yana miƙewa, guga na bugun bakin rijiya, sannan ƙarar ruwa yana bin lambatu yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Sai warin albasa ya tare ka. Mahaifinmu, wanda duk muke kira Alhaji, ɗan kasuwa ne, yadi yake sayarwa a Babbar Kasuwa, lambun kuwa gado ne daga kakanmu. Mai riƙe da shi wani mutum ne da muke kira Baba Mati, daga wani ƙauye ta wajen Kaita. Tun ban san hannun damana ba yake nan. Dogo ne, ba shi da yawan magana, in ya faɗi abu sau ɗaya ba ya maimaitawa. A wuyansa akwai wata tsinkiyar fata, a jikinta mabuɗin kwaɗon ɗan ɗakin da ke kusurwar lambun. A ɗakin nan ake ajiye fartanya da guga da igiya, amma ba don su ake kulle shi ba. Don iri ake kullewa. Wata jar albasa ce kakanmu ya zo da irinta, mai ƙarfin ɓawo, wadda ake ajiyewa har damina ta yi nisa ba ta ruɓe ba. Duk Katsina masu saye sun san ta, suna zuwa har lambu su tambaya. Kowace shekara Baba Mati ke zaɓar waɗanda za a bari su yi fure, shi ke sussuke irin, ya zuba a masaki uku, ya rufe da faifai. Ba ya yarda a toshe shi a tulu. Yakan ce, “Iri rai gare shi. In ka hana shi numfashi, ranar shuka shi ma ya hana ka.”

Yaran yanzu ba su san yadda ake tarbar damina a cikin birni ba. Da zarar an ga gajimare ya fara taruwa gabas, sai magina su bazu a unguwa. Ana kwaɓa ƙasa, ana jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, masu hali suna sa laso, wato wancan yaɓen da ake haɗawa da tokar marina, wanda in ya bushe ruwa ke zamewa a kansa. Ana share indararo. Kafin mutum ya taka tsani sai ya ɗaga murya maƙwabta su ji, “Za a hau soro!” domin matan gidaje su kimtsa. Kana zaune kana karatu za ka ji kiran nan yana tashi daga lungu zuwa lungu, ka san shekara ta juyo. Ɗakin lambunmu shi ma rufin azara da ƙasa ne, haka aka yi ta yaɓe shi tun zamanin kaka. To, a shekarar nan aka tarar gara ta cinye azarar, gefe ɗaya ya lotsa. Yayana, wanda ke aiki a ma'aikatar ayyuka, ya ce wa Alhaji zamanin ɗora ƙasa a ka ya wuce. Ya kawo kafinta aka kwashe rufin, aka jera katako, bayan ɗakin ya fi tsawo, gaban ya gangaro. Sannan ya zo da wani naɗi baƙi ƙirin a bayan babur, mai nauyi, gefe ɗaya da ɓarɓashin yashi, yana warin sabuwar hanya. Ya faɗi sunansa da Turanci babu wanda ya riƙe. Mahaifiyarmu ta shafa ta ce, “Tabarmar kwalta ke nan.” Sunan da ya bi ta ke nan a gidanmu.

Yaya ne ya kamata ya shimfiɗa ta, sai aka ɗauke shi aikin zaɓe, kullum suna ƙauyuka. Ya bar mini aikin yana bisa babur, injin na ƙara. Ya ce, “Abu ne mai sauƙi. Ka yanka ta huɗu, ka shimfiɗa a kwance, bakin wannan ya hau kan wancan kamar faɗin tafin hannu, ka buga ƙusa, ka shafa kwalta a mahaɗa. Shi ke nan.” Bai ce daga ina zan fara ba, ni ma ban tambaya ba. An zaɓe ni ne domin ni ke da hannu a gidan. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na yi sauka, ina karatun littattafai, ina kuma kwafar waƙoƙin wa'azi da ajami. An san layina ba ya karkacewa. Alhaji ya ce wanda ya iya jera baƙi a takarda ai zai iya jera tabarma a katako. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Ranar aikin na isa da hantsi. Baba Mati ya riga ya hura wuta, ya ɗora kwaltar a gwangwani tana narkewa. Muka auna, muka yanka. Na ɗauki yanki na farko a kafaɗa, na hau tsani, na wuce can ƙololuwa wajen bangon baya.

Ya ɗaga kai ya ce, “Ɗan Alhaji, mi za ka yi can sama?”

Na ce, “Farawa zan yi, Baba.”

“Daga can?”

“To daga ina? Kowane aiki ai daga sama ake fara shi. Ko allo daga sama ake sa Bisimilla a gangaro.”

Ya ce, “Allo ai so ake ruwa ya wanke shi.” Sannan ya ƙara da cewa, “Mu dai baibaya daga ƙasa muke hwara ta, mu bi ta sama.”

Na yi dariya. Ni ɗan birni ne, a soro aka haife ni, ban taɓa kwana ƙarƙashin jinka ba, kuma Allah Ya yafe mini, a lokacin ina ganin ciyawa rufin waɗanda ba su da hali ne. Na ce, “Baba, wannan fa ba ciyawa ba ce. Daga Turai ta zo.”

Ya ce, “To, ruwan Turai daga ƙasa shike tasowa?”

Na sake yin dariya, na ɗauka barkwanci ne. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Ya riƙe mini tsani, ya miƙo ƙusa, ya miƙo gwangwanin kwalta da tsumma a hannu. Na shimfiɗa na farko a sama na buga. Na ɗauko na biyu, na ɗora bakinsa na sama a kan na farko, na buga. Haka na uku, haka na huɗu, ina gangarowa kamar yadda nake gangara shafi. Kwaltar ba ta da yawa, a mahaɗa ta uku sai da na yi ta kankare gwangwani, amma na shafa ko'ina. Abin da na fahimta daga maganar Baba Mati shi ne al'ada ce kawai, kamar yadda wani ke fara huɗa daga gabas wani daga yamma. Tunda rufin duka ya rufu, babu katakon da ke leƙe, mene ne ruwan ruwa da inda na fara? Na sauko na ja baya na duba, layuka uku a miƙe kamar an ja su da zare. Da yamma Alhaji ya zo ya tsaya daga ƙasa ya ce, “Ma sha Allah, kamar an goge.” Baba Mati ya mayar da masakan iri bisa rumfar kara da ke cikin ɗakin, ya toshe 'yar tagar gabas da tsumma kamar yadda yake yi kowace damina, ya kulle.

Aka yi kwanaki sai yayyafi. Da zaɓen ƙarshe ya zo, Baba Mati ya nemi izini ya tafi ƙauyensu, domin can aka rubuta sunansa. Ya tafi ranar Juma'a bayan masallaci. Ranar Asabar da azahar ruwa ya sauko kamar ba zai tsaya ba. Ina zaune a zaure ina jin maƙwabta na kiran a kawo tasa a tara ɗigo, ni kuwa ina jin daɗi a raina, ina cewa duk unguwar nan ɗaki ɗaya ne na tabbata bai yi yoyo ba. Washegari rana ta buɗe da zafi, kashegarinta ma haka.

Ranar Talata bayan la'asar Alhaji na zaune a zaure da abokansa uku, ni da Yaya muna gefe, sai ga Baba Mati ya yi sallama da masaki a hannu. Ya durƙusa ya ajiye, ya ɗauke faifai. Irin ya dunƙule, ya fitar da fararen zarurruka, funfuna ta rufe sama. Warin ya cika zauren. Ya ce duka ukun haka suke.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Ta ina ruwa ya shiga?”

Ya dube ni. Na ce, kuma har ga Allah abin da na yi imani da shi na faɗa, “Na rufe ko'ina, Alhaji. Babu inda ban buga ƙusa ba, babu inda ban shafa kwalta ba.”

Yaya ya ce, “Wannan abin ba ya yoyo. Da shi ake rufa ofisoshin gwamnati. Ruwan ranar Asabar daga gabas ya zo da iska. In dai an bar tagar nan a buɗe, ai shi ke nan.”

Baba Mati ya ce, “Na rufe tagar.”

Yaya ya ce, “Yanzu a rufe take?”

“Na buɗe ta ɗazu, ɗakin shi sha iska.”

Ɗaya daga cikin abokan Alhaji ya ce gaggawar tafiya takan sa mutum mantuwa, ba a kansa aka fara ba. Wani ya ce zaɓen nan ya ɗauke hankalin kowa. Baba Mati ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba na fushi ba, kamar mai jiran a miƙo masa wani abu. Ni kuwa ban san abin da yake jira ba. Ko kuwa na sani? Har yau in na tambayi kaina ba na samun amsa ɗaya. Alhaji bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, “Mati, shekaru sun fara taruwa. Kawo mabuɗin nan, yaro ya riƙa taya ka.” Baba Mati ya sunkuyar da kai ya zare tsinkiyar daga wuyansa a gaban mutanen nan, ya ajiye a kan tabarma. Inda fatar ta daɗe tana kwanciya a wuyansa ya fi sauran jikinsa haske. Alhaji ya turo mini mabuɗin da yatsa.

Saboda haka ni kaɗai na ga abin da ya biyo baya. Da aka sake yin ruwa mai ƙarfi, na je da safe na buɗe ɗakin. Taga a toshe take, ni na toshe ta da hannuna. Amma ƙasa a jiƙe. Na ɗaga kai, sai na ga layi uku na danshi a jikin katakon, daga bango zuwa bango, a miƙe, suna ɗiga. Na hau sama na bi rufin da tafin hannu. Babu huda, babu yaga, ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba. Na sauko na sake dubawa daga ciki, na sake hawa. Na zauna a bisa rufin nan rana na dukana, kaina ya ɗaure tam. Na ce ko katakon ne ɗanye yake gumi. Na ce ko kwaltar da aka ba Yaya ba ta kirki ba ce. Har na yi tunanin ko wani abu ne ya shiga ɗakin da ba a gani, na yi addu'o'i na tofa a kusurwa huɗu. Maganar baibaya ta faɗo mini, na juya ta, na kasa ganin inda ta haɗu da wannan. Sama ko ƙasa, ai an rufe. Abu ɗaya dai na gane sarai, ba ta taga ruwa ya shiga ba. Wannan kam babu rikici a cikinsa, kuma shi ne na ɓoye.

Na sa ƙwarya uku ina tarar ɗigon, ina zubarwa kafin kowa ya zo. Sau uku ina shiga wajen Alhaji da niyyar faɗa masa. Na farko na tarar da baƙi. Na biyu na ce bari in fara gano dalilin tukuna, kada in je da rabin magana. Na uku na zauna har na buɗe baki, sai ya ce in karanta masa wata wasiƙa, na karanta, na tashi. Baba Mati yana nan yana aikinsa, in yana son fartanya sai ya jira na zo na buɗe masa. Mutumin da ya riƙe ɗakin nan tun kafin in yi wayo, yana tsaye a bakin ƙofa yana jirana. Da aka yanke gero ya ce wa Alhaji gonarsa ta ƙauye na bukatarsa. Aka yi sallama lafiya, aka ba shi riga da hula, babu wanda ya ɗaga murya. Da rani Yaya ya sa aka buga kwano a kan tabarmar kwaltar, ya ce kwano ya fi kyan gani. Aka rufe aikina, babu wanda ya sake ganinsa.

Muka sayi iri a kasuwa. Albasa ta yi, amma irin ta kowa ce, masu zuwa tambaya suka daina zuwa. Bayan wasu shekaru Alhaji ya rasu, aka raba lambun, aka sayar. Mabuɗin ya zauna a cikin gafakata tare da takardu. Duk lokacin da na zaro wani littafi sai in ji ƙararsa a ƙasa, in yi istigfari in mayar. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi furfura, amma in ka tambaye ni me ya sa rufin nan ya yi yoyo, ban sani ba.

Sai bayan shekara ashirin, lokacin da soja suka sake cewa za su miƙa mulki, ana ta liƙa hotuna a bango. Ina gina wa babban ɗana ɗaki, ya fara girma. Kafinta ya zo buga kwano, na ga ya fara daga bakin ƙasa. Na ce masa, “Malam, me ya sa ba ka fara daga sama ba?” Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake cin tuwo da baki. Ya sauko, ya ɗauki guntayen kwano biyu ya jingina a bulo, na sama a kan na ƙasa, ya karɓi butata ya zuba. Ruwan ya gangara ya tsallake mahaɗar ya wuce. Ya juya su, na ƙasa ya hau kan na sama, ya sake zubawa. Ruwan ya gangaro ya tarar da baki a buɗe yana kallon sama, ya shige ƙarƙashi. Ya ce, “Ka gani, Maigida? Ka yi masa ƙofa ke nan.” Ya koma aikinsa. Ni kuwa na zauna a kan bulon nan. Ƙofa uku na yi wa ruwa da hannuna, a miƙe, ko karkacewa babu. An kuma gaya mini tun ina kan tsani.

Na tafi wajen Yaya na kwashe duka na faɗa masa, har da ƙwarya uku. Ya ce, “Ni ban ce maka daga ƙasa ba?” Na ce bai ce ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, “To ni ma ban sani ba. A ofis nake, ban taɓa ganin ana shimfiɗa ta ba.” Muka zauna muna kallon juna, dattawa biyu. Sannan ya ce shi ya fara ambaton taga, don haka tare za mu.

Muka tafi ƙauyen, muka tarar da Baba Mati da ransa, a gindin wata bedi a ƙofar gidansa, yana tufka igiya. Idonsa ya yi rauni. Muka yi sallama muka durƙusa, aka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi birni, ya tambayi gajiyar hanya, ya yi mana ta'aziyyar Alhaji da ta mahaifiyarmu kamar jiya aka yi. Sai ya karkato kunne wajena ya ce, “Wanga murya na san ta. Ba mai Bisimilla daga sama ba ne?”

Na ce, “Shi ne, Baba.” Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na zaro mabuɗin na ajiye a gabansa.

Bai taɓa shi ba. Ya ce, “Alhaji ya tahi shina ganin ni na bar taga?”

Na ce, “Haka ya tafi, Baba.”

Hannunsa na kan igiyar amma ya daina tufkawa. Na ce, “Baba, me ya hana ka faɗa a zauren nan? Ai ka san rufin ne.”

Ya ce, “In tona ɗan mutum gaban abokan ubanshi? Na ce yaro ne mai karatu, shi hwaɗa da bakinshi. Na jira har aka yanke gero.” Ya tura mabuɗin wajena da bayan hannu. “Ɗauki abinka. Ba tsakanina da kai kaɗai aka amshe shi ba. Gaban mutane aka amsa.”

Muka jira aka yi azahar. Da aka sallame Baba Mati ya ce wa liman a ɗan dakata, ɗan birni na da magana. Na miƙe a gaban mutanen da ban taɓa gani ba, na ce shekara ashirin da suka wuce na shimfiɗa rufi daga sama zuwa ƙasa, ruwa ya shiga, iri ya lalace, aka ɗora wa wannan bawan Allah, na san ba shi ba ne na yi shiru. Yaya ya miƙe ya ce shi ya ce an bar taga, bai gani ba ya faɗa. Mutanen suka yi ta kallon juna. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi, “Wane ɗaki ne wai?” Aka ce masa na Katsina. Ya ce, “Shina nan?” Aka ce an rushe. Ya ce, “To mi ake rabo?” Wani kuma abin da ya dame shi daban ne, ya leƙo fuskata ya ce, “Daga sama? Da girmanka?” Aka yi dariya, ni ma na yi, idona na zubar da ruwa.

Baba Mati bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu, na sa masa mabuɗin a tafi. Ya shafa shi da babban yatsa, ya laluba tsinkiyar, ta bushe ta yi tauri amma ba ta tsinke ba. Ya cire hula ya rataya ta a wuya, ya tura mabuɗin cikin riga, ya mayar da hular. Sannan ya juyo wajen da yake jin numfashina.

Ya ce, “Na rufe tagar.”

Na ce, “Ka rufe, Baba.”

Ya ce, “To, na yahe. Ku taso a ci tuwo, hanya da nisa.”